Kwalekwale, Kayak na Roba ko na Hurawa: Wanne Ya Dace da Sabon Shiga a Ruwan Zariya?

Mai son koyon tuƙin ƙaramin jirgi a yankin Zariya yana da zaɓi huɗu: kwalekwalen katako irin na masunta, kayak (ƙaramin jirgin zamani) na roba wanda ake zama a samansa, kayak mai rami wanda ake zura ƙafafu ciki, da kuma na hurawa wanda ake naɗewa a jaka. Yawancin mutane da farashi suke fara awo, ko da wanda ya fi kyau a hoto. Mu ma'auninmu daban ne. Duk mai koyo sai jirgi ya kife da shi, ko yau ko gobe, saboda haka tambayar ita ce: bayan ya kife, wanne ne za ka iya birkitowa ka sake hawa kai kaɗai, a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa?

Kafin jirgi, a san ruwan. Abin da muke da shi kala biyu ne. Akwai ruwan kwance, wato na madatsu, kamar wanda aka tare a kan Kubanni a Samaru da wanda ke kan Galma, sai kududdufai da tsofaffin ramukan haƙar ƙasa. Akwai kuma ruwan gudu, Galma ita kanta da rafukan da ke zuba cikinta, waɗanda da rani kan janye har yaro ya tsallaka wasu wuraren, amma a Agusta da Satumba su cika su yi ja, su ɗauko itace da kara. Mai koyo ba shi da harka da ruwan gudu a damina ko da wane irin jirgi ne. Madatsun kuma ruwan sha ne na jama'a, suna da masu kula da su, don haka neman izini ne matakin farko, sannan a gaida masuntan wurin da Sarkin Ruwa in akwai. Su suka san inda kututture yake a ƙarƙashi da inda aka shimfiɗa taru.

Kwalekwale

Shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi kaɗai ne yake zuwa da malaminsa. Masunci zai iya zaunar da kai a tsakiya, ya nuna maka riƙon filafili, ka biya shi abin da kuka shirya. Ba sai ka sayi komai ba ban da rigar kariya, wato rigar da ke ɗaga mutum a saman ruwa. Yana ɗaukar kaya, nauyinsa yana sa iska ba ta wasa da shi sosai, in ya tsage kuma kafinta da tsumma da kwalta da ƙusa sun isa gyara.

Wahalarsa a filafili take. Bakin da ke tura ruwa guda ɗaya ne gare shi, don haka duk bugun da ka yi a dama, hancin jirgin hagu zai karkata. Gwani yana gyara wannan a ƙarshen kowane bugu, ya murɗa filafilin ya ɗan tura ruwan waje, jirgin ya miƙe ba tare da ya sauya hannu ba. Kallo ɗaya za ka ɗauka abin banza ne, amma hannu kan ɗauki makonni kafin ya saba. Tuƙi da gora a tsaye kuwa a bar wa waɗanda suka tashi a ciki.

In ya kife fa? Kwalekwale buɗe yake, ruwa zai cika shi baki da baki. Wanda itacensa ke da sauƙi zai tsaya yana lilo daidai fuskar ruwa, ka samu abin riƙewa. Tsohon da ya sha ruwa ya yi nauyi, ko wanda aka ɗora wa inji da kaya, yana iya tafiya ƙasa. Masunta kan riƙe hancinsa su riƙa turawa gaba da baya har ruwan ya fantsame, sannan su kwarfe sauran da ƙwarya. Wannan aikin mai iyo ne sosai. Ga sabon shiga, kifewar kwalekwale a tsakiyar ruwa na nufin ya rungumi jirgin ya jira a zo. Saboda haka ba ma ba da shawarar koyo a cikinsa sai da masunci a jirgin, kuma kusa da gaɓa.

Kayak na zaman sama

Asalin kayak na mutanen Inuit ne na ƙasashen ƙanƙara, da fatar dabbar ruwa suke rufe shi. Na zamani wanda ake zama a samansa roba ce mai kauri da aka zuba a zubi guda, cikinsa iska ce a rufe. Tsawonsa yakan kai mita 3 zuwa 4, faɗinsa santimita 75 zuwa 85, nauyinsa kilo 20 zuwa 30. A wurin zama da wurin ƙafa akwai huji da suka ratsa har ƙasa. Wanda bai sani ba zai ce jirgin ya fashe, alhali ta nan ruwan da ya fantsamo yake komawa. Wandonka zai jiƙe, wannan babu makawa, amma a zafin Zariya ba abin kuka ba ne sai dai da sanyin safiyar hunturu.

A ma'auninmu shi ne na ɗaya, kuma da rata. In ya kife ba ya cika da ruwa, ba ya riƙe ƙafarka, faɗowa kawai za ka yi. Komawa kansa mataki huɗu ne. Ka miƙa hannu ta kan cikinsa ka kamo ɗaya gefen, ka jawo da nauyin jikinka ya birkito. Ka tsaya daidai wurin zama, ka bar ƙafafunka su taso bayanka a saman ruwa kamar mai iyo. Ka buga ƙafa da ƙarfi ka ja jiki har cibiyarka ta hau tsakiyar jirgin. Sai ka mirgina ka zauna, ka shigo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Inda mutane ke kasawa shi ne mataki na biyu: suna barin ƙafafu a tsaye a ƙarƙashin jirgin, su nemi hawa da ƙarfin hannu, sai jirgin ya sake kifowa a kansu. Inda kuma ake yin asara shi ne sakin jirgin. Kayak da babu kowa a kansa iska tana tafiya da shi fiye da saurin iyon mutumin da ke sanye da rigar kariya. Hannu ɗaya a jirgi, ɗaya a filafili, kafin tunanin komai.

Aibinsa uku. Ba shi da gudu. Samunsa galibi sai an yi oda daga Legas ko Abuja, ɗaukarsa kuma sai mota mai abin ɗaure kaya a sama. Na uku, rana. Robar nan hasken rana yana cinye ta a hankali, launi ya koɗe, jiki ya yi gautsi. In aka bar shi kwance a kan siminti mai zafi cikinsa yakan lotsa. A ajiye shi a inuwa, a kife ko a jingine ta gefe. In ya tsage, gam ba ya kama irin wannan robar, sai dai a narka wata irinta a like. Mai sayen na hannu ya danna cikinsa da tafin hannu ya ji ko ya yi laushi, ya duba bakin hujin nan da kyau domin nan yake fara tsagewa, ya kuma tabbata murfin zubar da ruwa na baya yana nan. Mantawa da rufe wannan ɗan murfin ya isa ya sa jirgi ya sha ruwa a ɓoye, sai dai ka ji yana ta nauyi yana rawa.

Kayak mai rami

Wannan ne ake gani a wasannin Olamfik da hotunan masu yawon teku. Siriri ne, masu dogon zango faɗinsu santimita 55 zuwa 60 ne, yana tsaga ruwa, gwiwoyinka suna riƙe da shi ta ciki har ka iya karkata shi yadda kake so. Ya fi sauran daɗin tuƙi. Amma in ya kife, kai ma ka kife tare da shi, kanka a ƙasa. Fita tana da ƙa'ida: ka duƙa gaba, ka fizge madaurin mayafin da ke rufe bakin ramin in ka saka shi, ka dafa gefe biyu daidai ƙugu, ka ture jirgin daga jikinka kamar mai tuɓe wando. Daƙiƙa kaɗan ne ga wanda ya gwada sau da yawa. Ga wanda ya firgita ya nemi ɗago kai tun ƙafafu ba su fita ba, lokaci ne mai tsawo. Bayan an fita ga ramin cike da ruwa, kowace lita kilo guda ce, kuma lita ɗari ba komai ba ce a wurinsa. Masu arha ba su da bangon da ke raba ciki ya tsare iska a gaba da baya, sai hanci ɗaya ya nutse ɗaya ya miƙe sama. In babu malamin da zai tsaya kusa da kai a ruwa iya ƙirji ya koya maka fitar nan, a jinkirta shi.

Na hurawa

Nan ne aka fi yaudaruwa, domin shi ne mai arha, shi ne kuma ake iya ɗaukowa a kan babur. Kilo 10 zuwa 17 ne a jaka, ya kwana a ƙarƙashin gado. Yana da faɗi, da wuya ya kife a ruwan kwance, hawansa daga ruwa ma ba wuya.

Sai dai suna ɗaya ne ya haɗa abubuwa biyu. Akwai na wasan yara a wurin wanka, ledarsa siririya. Akwai na gaske mai kaurin fata da ɗakunan iska aƙalla uku, gefe biyu da ƙasa, kowanne da bakin hurawarsa, yadda in ɗaya ya sace biyu za su kai ka gaɓa. Wanda bai kai haka ba kada a shiga ruwa mai zurfi da shi. Matsin iskar da yake ɗauka a rubuce yake kusa da bakin hurawa: a ma'aunin da ake kira PSI, na gama-gari 1 zuwa 3, masu ƙasa mai tauri da aka ɗinke da zare ta ciki su kai 8 zuwa 10. A sayi famfo mai agogo, a daina awo da yatsa. In iskar ta gaza, jirgin zai lanƙwashe a tsakiya ya ƙi tafiya. In ta yi yawa, ɗinki ya buɗe. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: jirgin da aka hura da sanyin safe, aka jawo shi kan yashi da azahar a watan Maris ko Afrilu, iskar cikinsa tana kumbura da zafi har ta fasa shi yana ajiye. In za a huta, a rage iska ko a bar shi a ruwa.

Gaɓar ruwanmu kuma ba ta da tausayin leda. Ga ƙaya, ga fasasshen kwalba, ga kututturen kara, ga ƙugiyoyin mamari da masunta ke shimfiɗawa, ga ƙayar ƙurungu in kamun kifi ya kai ka. Ana gano huji da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne. A busar, a goge, a like, a ba shi kwana guda kafin a hura. Babban aibinsa dai iska ce. Ba shi da nauyi kuma yana zaune a saman ruwa, don haka iskar hunturu tana iya kwasarsa zuwa tsakiyar dam kana tuƙi kana ganin gaɓa tana nisa. Ɗan fiffiken da ake maƙalawa a ƙarƙashinsa ta baya yana taimaka masa ya miƙe, kada a manta shi a jaka.

In an jera su ga mai koyo: na zaman sama, sai na hurawa mai ɗaki uku a ranar da babu iska, sai kwalekwale tare da masunci, mai rami a ƙarshe. Ga wanda aljihunsa bai kai ba, kwalekwale da masunci ya fi na hurawa mai arha nesa ba kusa ba. Kowanne aka zaɓa, nauyin da kamfani ya rubuta iyaka ce ta ƙarshe. Kai da kayanka kada ku wuce kashi 70 cikin 100 nata.

Rigar kariya, wadda ita ake fara saya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. A shekarar ce jirgi ya kife a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayu, wani kuma ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba da ɗaliban Islamiyya a ciki. A 2023 aka yi na Patigi a Kwara, na masu dawowa daga biki, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Abubuwan da ke maimaituwa a irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, tafiyar dare ko ta yamma liƙis, da rashin riga. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta wajabta saka rigar ta kuma hana tafiyar dare.

A jikin riga ta gaske akwai lamba da harafin N, ma'aunin ƙarfin ɗagawarta. Mai 50N tana ɗaga kimanin kilo 5, wanda ya isa domin jikin mutum a ruwa ba shi da nauyi sosai. Ita masu kayak suka fi so saboda tana sakin kafaɗa, amma an yi ta ne don wanda ya iya iyo kuma taimako na kusa; in ka suma ba za ta juyo da fuskarka sama ba. Mai 100N tana da abin wuya da ke tallafe kai, ita ta dace da mai raunin iyo da yara a ruwan kwance. Mai 150N an tsara ta ta juyo da wanda ya suma, sai dai ta soso tana da girma, tana takura tuƙi. Akwai kuma siririya mai ɗan tulun gas da ke kumbura in an ja igiya. Wannan ba ta mai koyo ba ce: sai ka tuna ka ja, tulun kuma sau ɗaya yake aiki.

Lamba ba ta wadatar in rigar ba ta zauna ba. Ka ɗaure duk madaurai daga na ƙasa zuwa sama, wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga da ƙarfi. In ta haura har kunnuwa, a ruwa ma haka za ta yi, ta bar bakinka a ƙasa. Ta yara sai mai madauri ta tsakanin ƙafafu. Sannan a gwada ta a ruwa iya ƙirji, a ɗage ƙafafu a saki jiki: haɓa ta tsaya a sama ba tare da motsi ba. Kasuwa cike take da masu launin lemo da aka cusa wa soson kwalin kaya, wannan gwajin ne ke tona su. Kada a mai da riga matashin zama, soson yana mutuwa. A ɗaura mata usur. Tiyub na mota da jarka abin jefa wa mutum ne, ba su maye gurbin riga, domin hannun da ya gaji sakin su yake yi. Laya da guru kuwa ba abin dogaro ba ne, ko masuntan da suka gaji ruwa kaka da kakanni suna rasa 'yan'uwa a cikinsa.

Sutura ma a duba. Babbar riga, jallabiya, zani da dogon hijabi suna buɗewa a ruwa su naɗe ƙafa da hannu, su kuma maƙale a jikin jirgi. Wando da riga masu kama jiki kaɗan sun fi, mata su sa ƙaramin hijabi su tura bakinsa cikin rigar kariya. Takalmi mai madauri, ba silifa ba.

Filafili da darasin farko

Na kayak baki biyu gare shi, tsawonsa santimita 210 zuwa 240. Jirgi mai faɗi da mutum dogo su ke son mai tsawo. Don gane wurin riƙo, ɗora sandar a ka, ka matsar da hannuwa har gwiwar hannu ta yi kusurwa sosai. Bakin ya shiga ruwa daidai yatsun ƙafa, ya fita daidai ƙugu. In ya wuce ƙugu ruwa kawai kake ɗagawa. Ƙarfin daga juyin ƙirji da ƙugu yake fitowa, ƙafar gefen da kake bugu tana tokare matakinta. Mai tuƙi da damtse kaɗai minti 15 ya ishe shi gajiya. Juyawa kuwa, a shimfiɗa filafilin nesa da jirgi a zana rabin da'ira daga hanci zuwa baya. Tsayawa, bugun baya gajeru uku ko huɗu, dama da hagu. A saki ƙugu jirgin ya yi rawarsa, kai ya tsaya a tsakiya, ido a inda za a je. Mai sandarewa ya fi saurin faɗawa.

Ranar farko ba ta yawo ba ce. A ruwa iya ƙirji, da mutum a tsaye kusa, a kifar da jirgin da gangan a hau, a maimaita har abin ya daina ba da tsoro, sannan a gwada inda ƙafa ba ta kai ƙasa. Wanda bai iya iyon mita 50 da rigarsa ba ya fara da wannan tukuna.

Lokaci da wuraren da za a guje wa

Safiya ta fi, kafin iska ta tashi. Mai koyo yana yin kilomita 3 zuwa 4 a awa, iska mai ƙarfi tana iya cinye wannan duka, saboda haka a fara tafiya ana fuskantar iska, a dawo tana turo ka. Daga Oktoba zuwa farkon Disamba ruwa ya kwanta kuma bai janye ba, lokaci ne mai kyau. Farkon damina ya fi kowane lokaci haɗari a dam: hadari yakan haɗo daga gabas, guguwa ta riga ruwan sama isowa. Gabas ta yi baƙi, a fita. Tsawa tana tafiyar kilomita 1 a daƙiƙa 3, in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba ana cikin hatsari, kuma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe a koma.

A nisanci bakin da dam ke zubar da ruwa, ta sama da ta ƙasa. Ko gangaren bai kai tsayin mutum ba, ruwan da ke faɗowa yana naɗowa baya ya riƙe duk abin da ya shiga, har mai riga. Haka wurin da injin ke zuƙar ruwa, da bishiyar da ta faɗa rafi, wadda ruwa ke ratsawa amma mutum ba ya ratsawa. Wanda ya faɗa ruwan gudu kada ya nemi tsayawa in ya wuce gwiwa, ƙafa kan maƙale a dutse ruwa ya danne shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ya karkata zuwa gaɓa. Gefen da kainuwa da ciyawa suka yi yawa nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama, a rage jiƙa jiki a wurin, a yi wanka a goge jiki da an fito. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, maganin praziquantel yana kashe ta.

Ba a fita mutum ɗaya, kuma wani a gida ya san wurin da lokacin dawowa. In wani ya faɗa, a miƙa masa filafili ko gora, ko a jefa igiya ko jarkar lita 20 da aka rufe bakinta, wadda ke ɗaga kusan kilo 20. Faɗawa a kamo shi da hannu ne ke mai da gawa ɗaya biyu. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna ciki don fitar da ruwa: a kwantar da shi, a ɗaga haɓa, a hura masa numfashi sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da hurawa 2, ana maimaitawa da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da numfashi bayan sa'o'i.